Kwano Biyu a Gida Ɗaya

Labarin da muka kawo muku a wannan wata ba na alfahari ba ne. Mun daɗe muna juya shi a zuci, ko mu rubuta ko mu bari. Da muka yi shawara da mai ɗakinmu, sai ta ce, "Malam, in dai zai hana wani gida faɗawa ramin da muka faɗa, rubuta." Ga shi kuwa mun rubuta.

Aikinmu koyarwa ne a makarantar firamare ta ekklesiya, a wani ƙauye cikin ƙasar Kiru, ba nisa da Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya. Ran Lahadi kuma mukan riƙe ajin manya a Makarantar Lahadi. Ƙasar nan tamu ta noma ce. Wanda ya bi hanya da kaka daga Bebeji, ya ratsa Tudun Wada har Doguwa a gefen dajin Falgore, ba abin da zai gani sai masara da dawa da shinkafa da rake. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ma ya sami gindin zama a wannan yanki.

Duk wanda ya san albashin malamin makarantar ekklesiya ya san ba ya riƙe gida shi kaɗai. Domin haka muna da 'yar gonarmu, mai ɗakinmu kuma tana awo a cikin gida. Mukan sayo buhu a kasuwa, ita kuwa ta riƙa sayarwa kwano-kwano ga matan unguwa. A nan kwano muke cewa, waɗansu wurare su ce tiya ko mudu. Babban buhu yakan ci kwano 40. Yawancin masu sayen nan maƙwabtanmu ne Musulmi, gama mu masu bi ba mu fi gida goma sha biyu ba a ƙauyen. Matansu ba su cika zuwa kasuwa ba, sai su aiko yara da kuɗi da ƙwarya.

RANAR DA ASIRI YA TONU

A watan Nuwamba na 2023, bayan an kawar da amfanin gona, muka kai ga darasin awo da 'yan aji biyar. Littafin lissafi yana maganar kilo da lita, amma yaranmu ba su san kilo ba sai a takarda. Tun 1973 ƙasarmu ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, a shekarun nan ne kuma aka shigo da sabon ma'auni, duk da haka kasuwar hatsi ta ƙauye kwano ta sani. Sai muka ce gobe kowane yaro ya zo da kwanon awon gidansu, mu gwada su da yashi, mu ga ko duk ɗaya suke.

Kashegari kwanoni suka cika tebur. Ɗanmu na biyu yana cikin ajin, shi kuwa da kwano biyu ya zo. Muka ce, "Kai, ai ɗaya muka ce." Ya miƙe, ya amsa da murya sarai a gaban 'yan'uwansa, ya ce, "Baba, ai biyu ne a gidanmu. Wannan na zuwa kasuwa ne, wannan kuma na sayarwa a gida. Ban san wanda kake so ba."

Yaron bai san ya faɗi wani abu ba. Mu kuwa sai muka ji kamar an watsa mana ruwan sanyi. Ba damar mu ɓoye ɗaya, gama mu da bakinmu muka ce za a gwada kowane kwano. Yara suka ɗebo yashi, suka auna goma da babban, suka tara a kan tabarma. Suka sāke auna yashin nan da ƙaramin, suna ƙirgawa da ƙarfi yadda muka koya musu. Ya ba da goma sha ɗaya.

Akwai wata yarinya a ajin, 'yar maƙwabcinmu Musulmi, wadda kusan kowace yamma ita ake aikowa gidanmu awo. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to, wanne ne na gaskiya?" Muka ce babban. Ba ta ƙara cewa kome ba, ta rubuta a littafinta. Shekara goma sha tara muna koyarwa, ba a taɓa yi mana tambayar da ta fi wannan nauyi ba.

YADDA ABIN YA SOMA

Kada mai karatu ya ɗora wa mai ɗakinmu laifi. Ba wanda ya tashi da niyyar cuta. Shekara uku kafin ranar nan, kwanonmu ya faɗo daga kan babur a hanyar kasuwa, gindinsa ya lotsa, bakinsa ya tsage. Muka kai wa maƙeri ya datse wurin da ya tsage, ya daidaita bakin. Muka sayi sabo domin zuwa kasuwa, gama ba mai yarda ya je sayen hatsi da kwano mai rauni. Tsohon kuwa ya zauna a gida, aka ci gaba da awo da shi.

Ba a yi wata biyu ba muka lura buhu ya soma auki. Mu ne masu riƙe littafin cinikin, mu ne muka fara gani. Da farko muka ce albarka ce. Daga baya muka gane dalili, sai muka sami waɗansu amsoshi. Muka ce ai kowa haka yake yi. Muka ce ai mu ma a kasuwa ana tauye mana, ana haɗa mana da tsakuwa da ƙaiƙayi. Muka ce ai mai ɗakinmu takan yi gyara, gyaran nan ya rufe giɓin. Ba mu taɓa faɗin waɗannan da baki ba. A zuci muka faɗa, sa'an nan muka daina tunanin abin gaba ɗaya.

Daren ranar nan, bayan yara sun kwanta, muka ɗauko littafin ciniki muka yi lissafin da ya kamata mu yi tun da daɗewa. Buhu mai kwano 40 yana ba mu 44. Watau kwano 4 a kowane buhu ba namu ba ne. Mukan sayar da buhu biyu a wata, 24 ke nan a shekara, 72 a shekara uku. In ka riɓa 72 sau 4, ka sami kwano 288. Buhu bakwai ke nan da kwano takwas. Mun sāke lissafin sau uku, ko zai ragu. Bai ragu ba.

Daga tukunyar wa aka ɗebi hatsin nan? Ba daga ta masu kuɗi ba, gama mai kuɗi buhu yake saye. Wanda yake sayen kwano ɗaya da yamma shi ne wanda ba shi da na gobe. Abin da ya fi damunmu kuma shi ne, daga cikin ribar nan muka riƙa fitar da ushiri muna kaiwa majami'a, muna raira waƙa.

ABIN DA MAGANAR ALLAH TA CE

Mukan ɗauka al'amarin bangaskiya yana cikin manyan abubuwa, kamar wa'azi da azumi da taron sabon rai. Amma wanda ya bincika Littafi Mai Tsarki zai yi mamakin yawan wuraren da Allah ya sauko har bakin kwanon awo.

Ku duba Maimaitawar Shari'a 25:13-16. Abin lura a wurin shi ne, ba yin awo da ƙaramin ma'auni kaɗai aka hana ba, ajiye shi ma a cikin gida an hana. Allah ya san zuciyar mutum. Ya san in abin yana rataye a ɗaki, wata rana hannu zai kai gare shi. A Littafin Firistoci sura 19 kuma, umarni a kan ma'aunin gaskiya yana cikin sura ɗaya da umarnin ƙaunar maƙwabci, da na barin kala a gona domin matalauci da baƙo. Ashe a wurin Allah duk magana ɗaya ce.

Wanda ya fi sukanmu shi ne Amos, makiyayin nan na Tekowa. A sura 8, aya 4 zuwa 6, ya kwatanta waɗansu 'yan kasuwa masu kiyaye ranar hutu sarai. Ba su buɗe rumfa a ranar ba, amma suna zaune a wurin sujada hankalinsu yana kan lokacin da za a tashi su koma ga ƙaramin ma'auninsu, su haɗa har da sharar hatsi su sayar wa talaka. Mutanen nan ba arna ba ne, masu zuwa sujada ne kamarmu. Mun taɓa koyar da wannan sura a ajin manya. Mun tuna har mun ba da misali da manyan 'yan kasuwar birni.

A daren nan kakanmu ya faɗo mana a rai. Shi Bamaguje ne, ya karɓi bishara da furfura a kansa, a farkon shekarun 1970, har ya mutu bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Mahaifinmu yakan ba mu labari cewa a farin 1973, sa'ad da mutane suka riƙa gangarowa daga arewa neman abinci, ƙwarya ɗaya tsohon nan yake awo da ita, ko ga ɗan gari ko ga baƙo, ko saye ko sayarwa. An gama juya Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, aka fitar da sabon juyi a 1979. Kakanmu sai dai a karanta masa. Mu jikansa muna da guda uku a gida, ga takardar difloma a jikin bango, ga kuma kwano biyu a ɗaki.

SHAWARA

Da asuba muka gaya wa mai ɗakinmu duka. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, ni ma na sani. Ina jira ne ka yi magana, tun da kai ne mai karatu." Ku ji fa, 'yan'uwa. Shekara uku muna addu'ar safe tare, kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Fasa ƙaramin kwano ba wuya. Kafin rana ta fito mun sa masa gatari, a gaban yara. Abin da ya yi wuya shi ne buhu bakwan nan. Zakka mai karɓar haraji na Yariko, cikin Luka sura 19, bai tsaya ga daina cuta ba, ya yi alkawarin mayarwa riɓi huɗu. Mu ko riɓi ɗaya ba mu da halinsa a lokaci guda. Cikin Matiyu 5:23-24 kuma Ubangiji ya nuna cewa shiryawa da wanda muka yi wa laifi tana gaba da miƙa baiko.

Muka je wurin wani dattijon ekklesiya, mutum mai hankali wanda muke girmamawa ƙwarai. Ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce, "Malam, ka yi daidai da ka fasa kwanon. Ka roƙi Allah gafara, ka bar maganar a nan. In ka bi gida-gida kana faɗa, ba sunanka kaɗai za ka ɓata ba. Za a ce ga malamin Kirista ɓarawo. Mu kaɗan ne a nan, ka kuwa san inda muke zaune."

Mun san abin da yake nufi. Yana da 'yan'uwa a Tudun Wada sa'ad da tashin hankali ya auku a watan Satumba na 2007, aka ƙone majami'u, aka rasa rayuka, iyalai da yawa suka bar garin. Wanda ya ga wannan ba za a ce masa matsoraci ba don ya ce a yi hankali da abin da zai jawo magana. Mun kwana biyu muna auna shawararsa.

Abin da ya raba gardama shi ne yarinyar nan. Ta riga ta rubuta a littafinta, ta kuma koma gida. Sunan da dattijo yake so mu tsare ya riga ya fita. Abin da ya rage shi ne a ga abin da Kirista yakan yi sa'ad da aka same shi da laifi. Ga ɗanmu kuma yana kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muka koma muka gaya wa dattijo. Bai yarda da mu duka ba, amma ya ɗora mana hannu ya yi addu'a, ya ce mu fara da manyan unguwa, kada mu tara jama'a.

GIDA-GIDA

Muka ware buhu biyu daga abin da muka noma a shekarar. Mai ɗakinmu ta lissafta gidajen da suka saba awo a wurinta, suka kama goma sha bakwai. Ita ta shiga wurin mata, mu kuwa muka bi zaure-zaure wurin masu gida. Ba za mu ruɗe ku ba, tafiyar nan ta yi mana nauyi. Wani ya yi dariya ya ce ba kome. Wani ya karɓa bai ce uffan ba, har yau gaisuwarmu da shi ba ta koma yadda take ba. Wata tsohuwa ta ce wa mai ɗakinmu abin da aka kawo bai kai rabin nata ba, gaskiyarta kuwa.

Na ƙarshe shi ne kakan yarinyar nan, tsohon malami mai almajirai, wanda katangarmu ɗaya da shi. Muka yi sallama, muka tuɓe takalmi, muka durƙusa muka gaishe shi. Muka ce, "Baba, mun zo ne da laifi a hannu." Muka faɗa masa duka, har da lissafin.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun bara iyalina suka ce tuwon kwanonku ba ya kai yara. Na ce su yi shiru, maƙwabci ne. Mu a wurinmu sura guda ce sukutum a cikin Alkur'ani take ɗauke da sunan masu tauye awo. Na ce a raina, bari in gani ko littafinsu ya san wannan magana."

Muka ce, "Ya santa, Baba. Mu ne muka ƙi ji."

Ya ce, "To, yanzu ka ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya karɓi hatsin, ya kira almajiri ya ce a kai cikin gida.

Mun fito daga zauren nan da abin da ba mu koya a makarantar horon malamai ba. Shekara da shekaru muna neman hanyar da za mu yi wa tsohon nan maganar bangaskiyarmu, muna cewa ƙofa ba ta buɗe ba tukuna. Ashe shi tuni yake karatunmu. Ba zai shiga majami'armu ba, ba zai buɗe Littafinmu ba, amma kowace yamma jikarsa tana kai masa shaidarmu a cikin ƙwarya.

Sauran buhu biyar da 'yan kai muka maishe su bashi a kanmu. Mai ɗakinmu ta ɗauki ƙa'ida, duk gidan da ya cika kwano goma na saye, ta ƙara masa ɗaya kyauta, mu kuwa mu rubuta a littafi. Ribar awo ta ragu ƙwarai. A lokacin da muke wannan rubutu, da sauran buhu ɗaya da rabi a kanmu.

GWAJI NA BIYU

Mun ɗauka an gama darasi, ashe da saura. Kowa ya tuna yadda rayuwa ta yi tsada bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Da aka shiga 2024 kuɗin hatsi ya yi ta hawa. A watan Fabrairu na shekarar hukuma ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a wajen kasuwar Dawanau ta Kano bisa zargin ɓoye abinci. A farkon Agusta kuma matasa suka fita zanga-zanga a Kano da waɗansu birane saboda yunwa da tsada.

A marka ta shekarar nan muna da buhu biyar na masara a ɗaka, ban da na ci. Mun ajiye su ne domin kuɗin makarantar 'yarmu ta fari. Kuɗin buhu ya kusa ninka abin da yake da kaka, kowane mako kuma ƙaruwa yake yi. Sai muka kama kanmu muna jin daɗi in an ce hatsi ya ƙara tsada. A daidai lokacin akwai gidaje a unguwarmu, na masu bi da na Musulmi, da ba a ɗora tukunya sai sau ɗaya a yini.

A nan sai a yi hankali, kada a ɗora wa mutane kayan da Allah bai ɗora musu ba. Ajiye hatsi ba zunubi ba ne. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar (Farawa 41), da haka aka ceci ƙasashe. Manomin da ya sayar da dukan amfaninsa da kaka, sa'ad da hatsi ba shi da daraja, sa'an nan ya dawo yana saye da tsada da damina, bai yi hikima ba. Sayarwa a kan farashin ranar kuma ba cuta ba ce. Bambancin yana wurin abin da mutum yake jira. Yusufu ya tara ne domin ya buɗe sa'ad da yunwa ta zo. Mai ɓoyewa kuwa yana jira ne yunwa ta ƙara tsananta kafin ya buɗe. Karin Magana 11:26 ta sa mutanen nan biyu gefe da gefe, ta nuna wanda jama'a suke zagi da wanda suke sa wa albarka.

Mutane suka soma zuwa da dare, ɗaya-ɗaya, suna neman ba-da-kaka. Kun san yadda akan yi shi: ka karɓi ɗaya da damina, ka biya biyu in an girbe. Wanda ya shiga irin wannan bashi, amfanin gonarsa yakan ƙare tun kafin ya kai rumbu, baɗi kuma ya sāke dawowa. Su da kansu suka kawo maganar biyu, ba mu muka nema ba. Da mun karɓa ba mai zarginmu. Amma mai ɗakinmu ta ce, "Malam, wannan ba kwano biyun nan ba ne ya sāke riga? Mu bayar da ƙarami, mu karɓa da babba?"

Ga abin da muka yi. Buhu biyu muka kai kasuwa muka sayar a farashin ranar. Buhu uku muka rantar kwano-kwano, a kan a maido kwano ɗaya a madadin ɗaya da kaka. Wanda ya san kasuwa ya san asara ce, gama kwanon Agusta da kwanon Nuwamba ba kuɗinsu ɗaya ba. Kuɗin makaranta bai cika ba, sai da muka sayar da awaki biyu na mai ɗakinmu, 'yarmu kuma ta yi mako uku a gida bayan an koma. Ta yi kuka, ta ce mun fifita 'ya'yan wasu a kanta. Ba mu da amsar da za ta gamsar da yarinya mai shekara goma sha shida, sai muka zauna da ita muka nuna mata littafin lissafin duka. Da kaka yawancin mutane suka biya. Gida biyu ba su biya ba, ɗaya daga cikinsu na mai bi ne.

Ba za mu ce muku daga nan arziki ya sauko mana ba, gama bai sauko ba. Albashi yana nan yadda yake. Amma yanzu in muka durƙusa addu'ar safe ba abin da muke kauce wa, in yaro kuma ya ɗauki wani abu daga gidanmu zuwa makaranta gabanmu ba ya faɗuwa.

KOWA DA KWANONSA

Watakila mai karatu ya ce, ni ba na awo. To, amma kowa yana da abin da yake aunawa da shi. Mu malamai muna da minti arba'in na darasi, in mun ci goma a hira a bakin aji, mun tauye. Tela yana da ragowar yadi. Mai niƙa yana da garin da ya maƙale a inji. Wanda aka ɗauka ƙwadago yana da kunyar da ya tsallake sa'ad da mai gona ya juya baya, mai gona kuma yana da ladan da ya ce sai gobe. Ma'ajin ekklesiya yana da littafinsa. Har a cikin gida akwai kwano biyu, sa'ad da muke auna laifin wani da babba, namu kuwa da ƙarami. Ubangiji ya yi gargaɗi a kan wannan cikin Luka 6:37-38.

Ba cikar awo ce take cetonmu ba. Alherin Allah ne cikin Yesu Kristi, wanda ya biya bashin da ba mu iya biya. Da ba don mun san akwai gafara ba, da ba mu sami ƙarfin shiga zauren tsohon nan ba. Amma wanda aka yafe wa babban bashi, ba daidai ba ne a same shi yana tsakurar hatsin maƙwabcinsa.

Muna roƙon kowane gida, a daren da kuka karanta wannan, ku zauna ku tambayi juna. Akwai wani abu a gidan nan da maigida ya sani, uwargida ta sani, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana? Akwai wanda muke riƙe da hakkinsa, ko da shi bai sani ba? In akwai, ku sa rana, ku san ta inda za ku soma mayarwa, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Ku tuna da mu cikin addu'a, mu gama biyan abin da ya rage. Ku tuna da 'yan'uwa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma sa a same mu da gaskiya cikin ƙananan abubuwa. Alherin Ubangijinmu Yesu Kristi ya kasance tare da ku duka. Amin.